Hamsin da Tara

"Ajiye wuƙar nan, Icilda! Magani ne ko kifi?"

Na same ta a baranda tana raba ƙwayar hawan jini gida biyu da wuƙar yankan albasa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Rabi yau, rabi gobe, shayin ganye ya cike sauran. Ke dai Delphine kin cika surutu."

Na cika surutu, ban musa ba. Shekara ashirin da shida katangar kwano ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a garin May Pen na ƙasar Jamaika, ita da mijinta Mas Linval kafinta. Likita ya rubuta mata magani uku: na hawan jini, na suga, na zuciya. Na wata guda kan lashe cinikin kwana goma na alewar kwakwar da take sayarwa a tasha. Ni kuwa ina da katin gwamnati na tsofaffi, abin da nake biya na magani bai kai kuɗin mota ba. Sharaɗin katin shi ne shekara sittin.

Takardar haihuwar Icilda ta ce hamsin da tara. Ƙarya ce, kuma ta daɗe da raɗa min. A ƙauyen kan dutse aka haife ta, sai da ta shekara biyar ubanta ya sauko gari yi mata rajista, don gudun biyan tara ya ce jaririya ce. Sittin da huɗu gare ta cif. Mas Linval kuwa sittin da biyu.

"Littafin baftisma yana nan a cocin ƙauyenku," na ce. "Mota ɗaya ce. Ki karɓo takarda a gyara, ki samu kati."

"In ce wa Linval me? Shekara talatin da takwas yana kirana yarinya, yau in ce masa yayarsa ya aura?"

"Gara yaya mai rai da yarinya a akwatin gawa!"

Ta yi dariya har da buga cinya. "Wata bakwai ya rage in cika sittin ɗin tasu. Da ƙafata zan je, da hular cocina mai furen nan, su miƙo min katin hannu bibbiyu. Rantse ba za ki gaya masa ba."

Na rantse. Ni da aka sani da baki, ranar da bakin zai yi amfani sai na ɗinke shi.

Bayan wata uku, ƙafafunta suka kumbura har silifa ta daina shiga. Mas Linval ya sayar da injin yankan katakonsa, kuɗin ya riƙe su wata biyu. Daga nan ta koma rabi-rabi. In na yi magana ta ce, "Kin taɓa ganin mutuwa ta ɗauki mai taurin kai irina? Ai sai ta gaji."

Wata Alhamis da la'asar tana shanya wanki ta faɗi. Saura wata guda ta cika sittin ɗin tasu. Kwana uku ta yi a asibiti. A na ƙarshe ta damƙe hannuna, bakin ya karkace amma na ji ta sarai.

"Ba ki faɗa ba ko?"

"Ban faɗa ba."

"Yauwa," in ji ta. Ta lumshe ido kamar wadda ta ci nasara a gardama.

Ana shirin zaman makokin dare na tara da muke yi kafin a binne ta, an yanka akuya, mata suna feraye ɗanyar ayaba a tsakar gida, aka ce ni zan kai rubutun takardar jana'iza, mai ɗauke da sunanta da shekarunta, wurin mai bugawa. Na sami Mas Linval a shagonsa yana goge murfin akwatin gawar da ya haɗa mata da hannunsa. Na matsa kusa da shi.

"Mas Linval, maganar shekarunta..."

Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya buɗe akwatin kayan aiki, ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Takardar baftismar Icilda ce.

"Uwarta ta ba ni ana gobe aurenmu. Ta ce kada wata rana in ce an cuce ni."

"Ka sani? Ka sani, kana kallonta tana yanka magani kamar albasa?"

"Sau uku ina sa ta a aljihu in nufi barandar. Sai ta ɗago ta ce, 'Tsoho, ka dawo?' Miss Del, da wane baki zan ƙwace mata wannan?"

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna rantsuwata. Na ji haushinsa, na ji haushinta, amma nawa ya fi ci na. Mu biyu muna riƙe da ranta, kowa na jin kunya.

"To me zan rubuta?"

"Hamsin da tara."

Hular cocinta tana kan bencin aikinsa, ita za a sa mata. Ya ninke takardar gida huɗu, ya tura ta cikin ƙyallen hular ta ciki. Sannan ya hure garin katakon da ya sauka a kan furen.