Yashin Sikeli

Sikelin awon yara na ƙauyen yana rataye a reshen mangwaron ƙofar gidan mai unguwa, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan Sahnim ce ke kula da shi. Zane ake ɗaurawa a ƙugiya a saka yaro ciki, a ɗaya bakin sandar sikelin kuma akwai ƙullin yashi a leda, wanda ke cinye nauyin zanen. Idan yashin ya yi yawa, yaro sai ya fito da rashin nauyi. Kowace mai awo a tsibirin Lombok ta san wannan.

Ranar awo, tsohuwa Papuq Renep, wato Kaka Renep, ce ta zo a ƙarshe, goye da Munah, jikarta 'yar shekara biyu. Uwar tana aikatau a Malesiya. Katin awon Munah ya nuna tana ƙasa da jan layin ƙarancin nauyi, shi ya sa kullum ake kai mata dafaffen ƙwai da kifi, kuma sai an kawo ta awo tallafin gidan ke fitowa. Ranar da ta haye layin, ƙwai ya tsaya.

"Papuq, yau ma sai da kowa ya watse? Ko wani tsoho ne ya tare ki a hanya?" in ji Sahnim.

"Wa zai tare ni, haƙori biyu? Ke dai auna, 'yar nan."

Sahnim ta san abin da ke faruwa a gidan. Ta taɓa leƙawa ta tarar da tsohuwar tana raba ƙwan da zare, rabi ga Munah, rabi ga yayarta Sulis, wadda ta cika shekara shida, ta wuce shekarun shiga kowane kati.

Aka saka Munah a zane tana tsala kuka. Sahnim ta matsa ƙarfen awo har sandar ta daidaita. Yarinyar ta haye layin, da ƙyar.

Papuq Renep ba ta iya karatu ba, amma ta iya fuskar mutum.

"Ta ƙaru ko?"

"Ta ƙaru."

"Alhamdulillahi," in ji tsohuwar, da murya irin ta mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ta gyara ɗankwali. "To ita babbar fa, Sahnim? A wane reshe ake rataye nata sikelin?"

Sahnim ta dubi katin. Idan ta rubuta gaskiya, yara biyu sun rasa rabi-rabi. Idan ta ɓoye, ungozomar da ke duba katunan za ta ga wata na uku ba ci gaba, ta zo gida ta tsare tsohuwar da tambaya, wataƙila ta ce a riƙa ba Munah ƙwan a gabanta. Ko ta ina, Sulis ce a waje. Bambancin kawai yau ne ko nan da wata guda.

"Sauke ta tukuna," ta ce. "Kamar zanen ya jiƙe, bari in gyara."

Ta duƙa ta ɗebi yashi a gindin mangwaron, ta kwance bakin ledar ta zuba, ta ƙulle. Aka mayar da Munah. Wannan karon ta tsaya ƙasa da layin, Sahnim ta ɗiga alama a katin.

"Ki riƙa ba ƙaramar gwaiduwar duka, Papuq."

"Babbar ma gwaiduwa take so."

Tsohuwar ta goya jikarta ta kama hanya. Sahnim ta sauke sikelin, ta riƙe ƙullin yashin a tafin hannu. Wata mai zuwa yara arba'in za su hau zanen nan kafin Munah, kuma dole ta tuna adadin yashin da ta ƙara, ta rage shi kafin ta auna su.