Gaisuwar Baba Fannami

Damina ta 1974 ce, ruwa ya shanye hanyar Guri. Ni kuma ina cikin kwalekwale rungume da fulas ɗin ƙanƙara mai kwalaben jinin dattawa talatin. Wani likita ne ke son auna wani furotin na cikin jini, wai ko yawansa zai nuna wanda jijiyoyin jininsa suka fara toshewa. Ni malamin asibiti aka ɗora wa ɗiba. Sharaɗin ɗaya ne: jinin ya isa motar asibiti kafin ƙanƙara ta narke, motar kuma ba ta wuce azahar.

Sai Allah ya haɗa ni da Baba Fannami, mai jirgin da ba ya wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba. In ya hango masunci sai ya kafe gora, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, har da lafiyar koma. Mai yankan ciyawa ma sai da ya samu rabonsa. Haba! Na girgiza fulas, na ji ruwa na motsi.

"Baba, don Allah mu tafi."

"Malam Haruna, gaggawa aikin Shaiɗan."

A tsayuwa ta bakwai haƙurina ya ƙare, domin ba kowa a wurin sai balbela. Amma dattijon nan ya ɗaga hannu yana sallama wa ciyawa. Na miƙe a fusace na fizge gorar.

Bai yi gardama ba. Ya sulale ya zauna, ya dafe ƙirji, gumi na tsiyaya, leɓɓansa sun yi fari.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara. In na yi tuƙi kaɗan sai ƙirjin ya shaƙe ni. In na tsaya sai ya sake ni."

"Shi ne da safe da nake ɗibar jininka na tambaye ka ka ce lafiyarka ƙalau?"

"A gaban mutanen gari ka tambaye ni, Malam. In suka ji, wa zai ƙara shiga jirgina?"

Ni na tuƙa sauran tafiyar, ban kuwa iya ba, muka yi ta juyawa wuri ɗaya. Mun isa gaɓa bayan la'asar, mota ta tafi, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Takaici ya ishe ni. Na ciro kwalaben ina zubarwa ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan tasa. A jikinta, da rubutun hannuna, an sa "lafiyayye".