'Yan Cika-Kwando

Ni na kawo shawarar mu rarraba masu shiga shagonmu na intanet gida-gida, don haka abin da ya biyo baya ni na jawo wa kaina. Labule da zanen gado muke sayarwa ni da Yaya, a wani ɗaki da rabinsa kwalaye ne, rabinsa mu.

Kashi uku na yi musu. Akwai 'yan gida, masu saye su dawo, su muke fara nuna wa sabon kaya. Akwai 'yan leƙe, masu wanke ido su wuce. Sai waɗanda suka fi ƙona mini rai, 'yan cika-kwando: mace ta zaɓi kaya, ta zuba a kwando, ta zo daidai wurin biya, sai ta ɓace kamar an yi mata sallama a waje. Su na saita wa saƙon da ke tafiya da kansa bayan kwana uku: "Kwana biyu. Mun yi kewarki. Kayanki na nan suna jiranki."

Dabarar ta ci, da yawa sun dawo sun biya, ni kuwa na dinga hura hanci. Mutum ɗaya ce ta gagare ni, wata mai kiran kanta Mai Keken Ɗinki. Duk Litinin sai ta sa shuɗin labule guda a kwando, ranar Alhamis saƙo ya je mata, shi ke nan. Mako tara ana haka.

"Gwanar dabara, ga taki nan," in ji Yaya. "Ko ki sayar mata, ko ki daina lallashinta."

Na ɗauki waya na buga lambar da ta bari a shagon, na gyara murya irin ta 'yan kasuwa.

"Auta? Yau kuma wa ya mutu?"

Mama ce. Mamarmu, wadda ta shekara talatin tana ɗinka wa mutane labule. Ta ce wata uku ke nan da ta canja layi, kuma ta faɗa mini, na ce zan ajiye lambar. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Yaya ta juya tana gyara kwalin da babu abin da ya same shi.

"Mama, labulen fa?"

"Wannan mai karkataccen bakin? Ko kyauta ba na so. Saƙon nake jira."

Wato duk Alhamis tana zaune da tabarau, tana karanta cewa 'ya'yanta sun yi kewarta. In na yi shiru, na ci gaba da yaudararta. In na faɗa, na ƙwace mata abin da take jira. Na runtse ido na faɗa.

"Mama, ba ni nake rubutawa ba. Na'ura ce take turawa."

Ta yi dariya har da tari. "Na sani mana. Yaushe kika taɓa rubuta mini layi biyu babu kuskure?"

"To zan cire ki daga ciki, ni zan riƙa kiranki."

"Kira dai, in kin samu sarari. Amma ita na'urar ki bar mini ita, Auta. Ita kaɗai ce a cikinku ba ta taɓa ce mini aiki ya yi mata yawa ba."