Motar da ke Durƙusa wa Hajiya

Alƙasum makanike yana da ɗan aibi guda: ba ya tambayar mai mota komai. Shekara talatin yana gyara a Tawa, da kunne yake aiki. In inji na kuka, mota na raye. In ya yi shiru ta mutu, sai a shiga ƙarƙashi.

Ranar Laraba Hajiya Kadidiya, ungozomar da ke zuwa Bambeye duk mako, ta kawo sabuwar motarta mai lantarki, ta ce wani abu na ƙwanƙwasa daga ƙasa. Motar ta yi tsit, don haka Alƙasum ya share yashi da ƙafa yadda ya saba, ya kwanta rigingine ya sulale ƙarƙashinta, ba jak ba dutse. Hajiya ta koma inuwar dogon yaro.

Ƙasan motar shafe yake kamar faranti. Ba salansa, ba ɗigon baƙin mai, ba abin da ya gane. Ya ɗan bubbuga ƙarfe don a ji ana aiki. Jin haka Hajiya ta taso ta ga ko ya gano matsalar.

Sai motar ta yi ajiyar zuciya. Iska ta fita daga wajen tayoyi, farantin nan ya fara saukowa a hankali. Alƙasum ya tuna an ce batirin irin waɗannan motoci a ƙasa yake, kuma ya kai nauyin raƙumi. Ƙafafunsa suka ƙi motsi. Ya rufe ido, ya ji zufa na shiga masa kunne.

"Hajiya, wa ke cikin motar ga?"

"Ba kowa, Malam."

"To wa ke sauke ta?"

"Ita da kanta. Ƙwaƙwalwa gare ta. In ta ji makulli kusa sai ta durƙusa in shiga, saboda gwiwata."

"Makullin hwa?"

"Ga shi cikin jakata." Ta ƙara sunkuyowa.

"Ja da baya, don girman Allah."

Ta ja. Motar ba ta ɗaga ba.

"Ai ba ta tashi sai na shiga na zamna," in ji Hajiya.

Alƙasum ya haɗa nauyin raƙumi da na Hajiya, wadda Allah bai rage ta da komai ba, ya fara kalmar shahada. Abin da ya fi cin ransa shi ne za a ce mota a kashe ta danne shi, a gaban garejinsa, da rana tsaka.

Issouf mai walda na maƙwabta ne ya ji salati, ya zo ya kama duga-dugansa ya fizgo shi waje. Sannan Issouf ya kwanta ya leƙa, ya zura hannu ya auna.

Iyakar saukar motar ke nan. Tsakaninta da inda ƙirjin Alƙasum yake, da sauran taƙi guda.