Yatsu Uku a Bakin Rijiyar Woru

Minti goma motar Jagora ta yi a ƙauyenmu, Sinakparu. Ina wurin, da gwangwanin fenti a hannuna, saboda haka kada wani ya zo yana karanta mini littafin 'yan aji uku. Ba ma don mu suka tsaya ba. Suna kan hanyarsu daga Parakou zuwa Kandi, ɗaya daga cikin motocin rakiya ta ɗauki zafi, direba ya sauko yana zage-zage, ya fizge guga a hannun wata mata, ya ɗebi ruwa a Rijiyar Woru ya ɗura wa motarsa. Baƙar motar da aka ce Jagora yana ciki ko gilashi ba ta sauke ba. Muka yi ta tafi har hannuwanmu suka yi zafi, su kuma suka ja motocinsu suka wuce.

Woru ubana ne. Shi ya haƙa rijiyar nan shekara goma sha ɗaya kafin juyin juya hali, lokacin da mutanen Sinakparu suke shan ruwan rafi, kurkunu yana kwantar da rabin gari duk damina. Gaba goma sha takwas ya nutsa. A gaba na goma sha huɗu dutse ya zame ya datse masa ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun dama, ya ɗaure da tsumma, bayan sati uku ya koma ramin. A wurinmu ranar da aka ɗaure bakin rijiya da siminti, wanda ya haƙa ta yakan danna tafinsa a kai tun yana ɗanye, daga nan rijiya ta ci sunansa ke nan. Ba takarda, ba allo. Tafin Baba yana nan a gefen gabas, da yatsu uku. Da yanar ido ta kama shi, kullum da safe sai in riƙe hannunsa in kai shi can, ya lalubi wurin ya ɗora tafinsa a ciki, ya gaisa da mata masu ɗiban ruwa, sannan mu dawo.

Ni kuwa, Bio, ɗansa na uku, mai fenti ne na kwamitin wayar da kai na gundumarmu. Ba zan wanke kaina ba. Fuskar Jagora na zana ta a bangon makaranta, da na asibiti, da na ma'ajiyar auduga, har da bayan gidan tasha sai da aka ce a tsaya tukuna. Duk shekara a aiko da sabon hoto daga Kwatano, duk shekara mutumin nan ƙara yarinta yake yi. A ce in faɗaɗa masa kafaɗa, in faɗaɗa. A ce idonsa ya riƙa kallon nesa, in ɗaga masa ido sama. Ni da ban taɓa ganinsa ba na fi kowa sanin hancinsa.

Sabi Kora ne ya fara ƙulla abin. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, tare muka saci mangwaro, amma tunda aka naɗa shi wakilin jam'iyya na ƙauye in ba ka ce masa Kwamared ba sai ya yi kamar bai ji ba. Kujerar gunduma yake hange, kowa ya sani. Shi ya rubuta rahoto, bayan sati ɗaya jarida ta ce Jagora ya tsaya a Sinakparu ya sha ruwa da ƙwarya ɗaya tare da talakawa. Muka yi dariya. Bayan wata guda rediyo ta ce ya tarar da gari yana mutuwa da ƙishi, ya nuna wuri da sandarsa ya ce a haƙa nan. Dariyar ta ragu. Kafin damina ta zagayo ƙungiyar mata tana da waƙa a kai, littafin makaranta kuma ya ce da kansa ya tuɓe riga ya shiga ramin.

Ba ƙaryar ce ta fi ƙona mini rai ba. Gwamnati ta yi ƙarya, wannan aikinta ne. Mutanenmu ne. Tsofaffin da suka ja wa Baba igiya, waɗanda suka ɗauko shi jina-jina daga ramin, sai ga su a gindin kuka suna gaya wa baƙi wai sun tuna irin diga da Jagora ya riƙe. Mata suna zuwa daga ƙauyuka da kwalabe, wai ruwan yana buɗe wa ɗalibi ƙwaƙwalwa. Idan na kai wa Baba labari sai ya yi murmushi kawai, ya ce a bar su su yi ta faɗa, ai siminti ba ya sauraron rediyo.

Ana saura sati biyu bikin cika shekara da tsayawar Jagora a ƙauyenmu, ma'aikatar watsa labarai ta turo wani Kwamared Hunkpatin daga Kwatano, da kyamara a wuya da rikoda a kafaɗa, yana tafiya yana ɗaga ƙafar wando kada ƙasarmu ta taɓa shi. Ya zagaya rijiyar, ya ga tafin hannun, ya kusa yin rawa. Ya ce ga hujja, ga hannun Jagora da kansa, wannan sai shafin farko. Ya durƙusa zai ɗauki hoto, sai na ga leɓensa yana motsi. Ƙirgawa yake yi. Ya ɗago ya tambayi Sabi ko yana so ya gaya wa duniya Jagora yatsa uku gare shi. Sabi ko gezau, ya ce ruwan sama ne ya cinye sauran, kuma muna da mai gyara.

Da azahar Sabi ya same ni a gida ina cin sakwara da miyar gyaɗa da cuku. Bai jira tayi ba ya wanke hannu. Sai da ya yi loma uku sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Na ce masa ya tashi ya bar mini gida.

"Bio, yatsa biyu ne fa. Kai da ka ƙara wa mutum kafaɗa guda."

"Wannan bango ne, Sabi. Wancan hannun ubana ne. Kai ma da ruwan nan aka yi maka wankan kaciya, maras kunya."

"Kwamared," in ji shi, yana suɗe yatsa. "To bari in tambaye ka. Da Baba zai haƙa, yaya ya san akwai ruwa a nan?"

Sabi ya san amsa. Baba suri yake dubawa, da irin ciyawar da ba ta bushewa da rani, ya ɗebi ƙasa ya shinshina. Sabi ya ce shi ya san ilimi ne, amma a takarda sunan wannan tsafi, kuma ni ma na ga yadda ake kwasar matsafa a shekarar nan. Ya tuna mini tsohon nan na ƙauyen gaba da aka tafi da shi da ƙafarsa aka dawo da shi a amalanke. Ya ce muddin hannun yana da yatsa uku, rijiyar tana da mai ita, mai ita kuwa dole a tambaye shi. Ya tambaye ni kwana nawa nake jin makahon tsoho zai yi a tsare. Sannan ya ɗauki cukuna na ƙarshe ya fita.

Washegari ban kai Baba rijiya ba, na ce masa ana shara saboda biki. Na ɗauki kurfi da guduma na tafi, da niyyar in sassaƙa yatsu biyu kawai in bar sauran. Na yi su kuwa. Hunkpatin ya duba ya yamutsa fuska. Ya ce tafin ya cika faɗi, ga kaushi, ga wata tsaga a tsakiya, wannan hannun ɗan ƙauye ne, wanda duk ya taɓa ganin hoton Jagora yana ɗaga hannu zai gane. A fasa, a zuba sabon siminti, a danna hannu mai kyan gani. Sabi ya miƙa nasa da sauri, Hunkpatin ya ce yatsunsa kamar rogo. Sai idonsa ya sauka a kan nawa.

Da rana tsaka aka yi, gaban mutane. Mata wajen ashirin suna tsaye da tulunansu, tsofaffin gindin kuka sun taso suna kallo. Na ɗaga guduma ina jira wani ya yi tari kawai, wani ya ce kai Bio, me kake yi. Kowa ya ci gaba da kallo. Bugu huɗu tafin Baba ya tarwatse. Na kwaɓa siminti na shafe, na danna hannuna na dama a ciki, Hunkpatin yana ce mini in ɗan buɗe yatsun. Har yau in na tuna sanyin simintin nan sai in ji kamar in sare hannun.

Ƙaryar shara kwana uku ta yi ta ƙare. Ran na huɗu Baba ya ɗauki sandarsa ya ce in kai shi ko ya tafi shi kaɗai. Na riƙe hannunsa muka tafi, ban gaya masa abin da na yi ba. Rashin sa'a, Hunkpatin yana can da rikodarsa yana ɗaukar muryar tsofaffi, Sabi yana gaya musu abin da suka tuna.

Baba ya lalubi gefen gabas ya ɗora hannunsa. Tafinsa bai shiga ba, wurin ya yi masa kaɗan. Ya tsaya. Da yatsunsa uku ya bi yatsun nan biyar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya zo kan ɗan ali, inda nawa ya karkace tun da na faɗo daga bishiyar kaɗanya ina yaro. Shi ya ɗora mini shi da kara a lokacin. Ya daɗe a wurin.

Hunkpatin ya ga tsoho makaho yana shafa hannun Jagora, ina zai bar wannan. Ya matso da rikoda har bakin Baba, ya sa Sabi ya tambaye shi hannun wa ya taɓa. Sabi ya tambaya. Kalma ɗaya daga bakin Baba, da ni da shi da Sabin duk mun kwana a tsare. Wallahi a lokacin so nake ya faɗa.

"Na Jagora ne," in ji Baba. "Ku rubuta."

Aka yi tafi. Muryarsa ce aka yi ta sawa a rediyo har bikin ya wuce.

Da muka juya za mu tafi na kai hannu zan riƙe nasa kamar kullum, sai ya janye. Ya juya sandarsa ya miƙo mini ƙarshenta, wajen da ke taɓa ƙasa.

"Baba, don kai na yi. Da sun tafi da kai."

"Na sani, Bio." Bai ɗaga murya ba. "Amma hannun Jagora ne, gaban mutane na faɗa. Ni wa, da zan riƙe shi? Ja mu tafi."

Shekara shida ya ƙara a duniya. Sabi ya sami kujerarsa ta gunduma, ni na ci gaba da faɗaɗa kafaɗa. Duk inda Baba za shi, kasuwa ko gaisuwar mutuwa, ni nake kai shi, ina gaba yana baya, sanda a tsakaninmu.