Muryar da Za a Ba Lindi

Ɗakin ɗaukar muryarmu yana saman wani shagon gyaran waya a Braamfontein. Sunan ɗaki kawai ya ci, don in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya matse cikinsa. Ni ce Puleng, mai zama bayan gilashi da injuna. Aikina in ɗauki muryar mai karatu, in bi ta layi layi in cire tari da haɗiyar yawu da numfashi da kukan cikin wanda bai karya ba, har littafi ya zama abin da mutum zai sa a kunne yana cikin tasi zuwa Soweto. Yawancin littattafanmu labaran mata ne masu son mata. Manyan kamfanoni ba su cika waiwayarsu ba, mu kuwa labaranmu ne.

Littafin da ake magana a kai na Mme Dimakatso ne, wato Mama Dimakatso, tsohuwar malamar makaranta da ta haura saba'in. Ba ta taɓa rubuta littafi ba sai bayan rasuwar Lindelwa, matar da suka yi rayuwa tare tun zamanin da maƙwabta ke ce musu abokan haya. Labarin wata malama ne da wata nas mai suna Lindi, kuma marubuciyar ba ta ma wahalar da kanta wajen ɓoye sunan ba. Kafin littafin ya fito daga maɗaba'a idanunta sun yi rauni. Ta riƙe shi, ta shafa bangonsa, amma ba ta iya karanta ko layi ɗaya. In ba a kunne ba, babu yadda littafinta zai dawo mata.

Mai karatun da muka samo ita ce Ausi Mamokete, wato Yaya Mamokete. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna wasan kwaikwayon rediyo da harshen Sesotho ya san muryarta. Ta yi uwar miji, ta yi mayya, har saurayi ta taɓa yi ranar da ɗan wasan ya kwana a mashaya. Takan zo da yankakken tuffa a roba don kada bakinta ya riƙa ƙara a makirufo, da ruwan ɗumi a fulas, da girman kai wanda ƙofarmu ba ta ɗauka. Ina sonta, amma ba kullum ba.

Mun yi nisa da aiki sai Mme Dimakatso ta ce tana so ta zo ta ji. Ta hau benen nan a hankali da sandarta, da ledar magwinya masu zafi, fanken garinmu, da ta sayo mana a ƙasa. Na ba ta kujerata, na sa mata abin ji a kunne, na kunna mata wurin da kowa ya fi so: malamar tana tsaye a tashar tasi ruwa na dukanta, tana jiran nas ta taso daga aiki. Nas ta sauko, ta gan ta, ta ce, “Ke wace irin mahaukaciya ce, ba ki da lema? Matso nan.”

A rediyo akwai dabarar da kowa ya sani. In mata biyu suna magana a wuri ɗaya, mai sauraro ba ya ganin fuska, sai a bar wa ɗaya siririyar murya, a ba ɗaya mai kauri daga ƙirji. Abin da Ausi Mamokete ta yi ke nan, ta ba Lindi murya mai nauyi kamar ta direban babbar mota. Ni ma da nake zaune ina ɗauka ban ji komai ba, don kunnena ya saba.

Mme Dimakatso ta cire abin jin, ta ɗora shi a cinya. Ta juya wajen Ausi Mamokete, wadda ke jingine da ƙofa tana jiran yabo.

“Ausi, ashe Lindi ce mijin?”

“Mijin wa kuma, Mme?”

“Mijina mana. Tun muna da ƙuruciya ake tambayarmu wace ce mijin, wace ce matar. Mai gidan haya ya tambaya, fasto ya tambaya, har ranar jana'izarta wani ɗan uwanta ya tambaya yana cin namanmu. Yau ga shi kin ba su amsa.”

Kunya ta rufe ni, don ni ma an sha yi mini tambayar, kuma ga shi da hannuna na ɗauka na adana. Ausi Mamokete kuwa ba ta san kunya ba, aiki ta sani.

“Haba Mme, ni ba aure na ɗaura ba. Mai sauraro yana tuƙi, yana wanke-wanke, dole ya san wa ke magana. In wannan ba ta yi ba, shi ke nan, a zubar. Faɗa mini yadda take magana in yi miki ita yanzu.”

Tsohuwar ta shiga murza igiyar abin jin tsakanin yatsunta. Muna jin mai gyaran waya a ƙasa yana gwada wata waƙa. Sai ta ce:

“Ban sani ba.”

Ta gyara zama, ta ci gaba.

“Na san abin da ta ce, duk na rubuta. Na san ƙamshin sabulun asibiti a hannunta. Amma muryar ta tafi. Ba ta yarda ta bar saƙon murya a waya, wai in tana da magana za ta zo ta faɗa. Ina kwance ina kiran muryar, sai tawa ta amsa.” Ta ɗaga fuska wajen da take jin Ausi Mamokete. “Shi ya sa nake tsoronki, Ausi. Wannan littafin zan yi ta ji har in mutu. Duk muryar da kika ba ta, ita za ta zauna mini a kai, ta kori ɗan abin da ya rage.”

Na so in ce a dakatar da aikin gaba ɗaya. Zuciyata ta karye, kuma ban ga amfanin littafin da zai ƙwace wa mai shi abin da ta rubuta shi dominsa ba. Amma Ausi Mamokete ta jefa yankin tuffa a baki, ta tauna, ta shige ɗakin karatu ta ja ƙofa. Ta cikin gilashi ta nuna ni da yatsa.

“'Yar nan, danna. Kada ki tsaya sai na ce.”

Na danna. Ta karanta layin da wata 'yar siririyar murya ta shagwaɓa, kamar yarinyar da ke roƙon alewa. Mme Dimakatso ta yamutsa fuska. Na nuna mata maɓallin da ake dannawa a yi magana da na ciki, ta lalubo shi.

“A'a. Lindi nas ce, ba 'yar tsana ba.”

Ausi Mamokete ta sake, wannan karon da sauri kamar mai kiran fasinja a tasha.

“Ina za ta da wannan gudun? Ta wuni a tsaye, ta gaji.”

Ta sake, a hankali, da jan kowace kalma kamar mai wa'azin jana'iza.

“Kai, Ausi! Gajiya na ce, ba mutuwa ba.”

Raina ya fara ɓaci. Matar da ke iya kwaikwayon mutum daga gaisuwa ɗaya, ita ce yau ta kasa layi guda? Na ɗauka haushin maganar miji take ramawa a kan tsohuwa. Na harare ta ta gilashi, ta kashe mini ido ɗaya ta ci gaba da ɓata layin. Ta yi shi da dariya, aka ce dariyar ba a nan take ba. Ta yi shi da faɗa tun daga farko har ƙarshe, aka ce faɗan ba ya kai ƙarshe, a tsakiya yake mutuwa. Kowace “a'a” tana zuwa da sauri fiye da ta baya, kuma na lura tsohuwar ta daina murza igiya, ta miƙe zaune kamar tana gaban aji.

Can ta buga sandarta a ƙasa.

“Puleng, kai ni wajen matar nan. Wai shekara nawa ta yi a rediyo?”

Na kama hannunta na shigar da ita. Ta sa gwiwar hannu ta ture Ausi Mamokete daga gaban makirufo, ba don makirufon ba, don dai ta tsaya daidai fuskarta.

“Saurara da kyau, sau ɗaya zan yi. Ba ki ji ba ne?”

Sai ta faɗi layin. Muryar da ta fito ba irin wadda ta shigo da ita ba ce. Ba ta da kauri, ba kuma siririya ba ce, tana da ɗan dusashewa, kuma Sesothon ya karkace irin na wanda ya tashi da harshen Xhosa a baki. Ta fara da zafi, “Ke wace irin mahaukaciya ce, ba ki da lema?” Daga nan ta tsaya, ta ja wani gajeren numfashi ta hanci, irin na wanda faɗa ya ƙare masa bai shirya ba. Sannan ƙasa ƙasa, kamar tana jin haushin kanta, “Matso nan.”

Ta tsaya cak, hannunta a kan bakinta. Ausi Mamokete ta riƙe mata kafaɗa. Sannan Ausi ta ce, “To, yanzu na ji ta. Sannu da zuwa, Lindi.” Ta maimaita layin a gaban makirufo, kuma bai zama daidai ba, amma hanyar gidan ya kama.

Ni dai ba a ce in tsaya ba, saboda haka ban tsaya ba. Da muka dawo da tsohuwar kujera na gaya mata komai ya shiga inji, har nata. Ta ce in kunna mata. Na sa mata abin ji, na kunna, ta ce in sake, na sake. Hawaye na bin kumatunta ba ta share ba, magwinya kuma sun huce a leda ba wanda ya tuna da su.

A allon gabana ina ganin layin a zane, tudu biyu na magana, da ɗan ƙaramin tsini a tsakaninsu. Irin tsinin da nake gogewa ɗaruruwa a wuni ke nan, har hannuna ya kai kansa da kansa.

“Puleng,” ta ce, “an ce ke ce mai share numfashi.”

“Ni ce, Mme.”

“Wannan na tsakiyar, ki bar shi.” Ta gyara abin jin a kunnenta da hannu biyu. “Ba nawa ba ne.”