Katangar Baba

Duk wanda ya taɓa zama gaban Baba a kan allon ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya, ya san halinsa, ba ya jira. Kafin ka gyara zama dokinsa ya tsallako gidanka, sarauniyarsa na biye tana neman rigima. Haka ya koya wa 'yarsa Auta wasan tun tana firamare, da cin mutunci da dariyar mugunta, har ta girma ta kama aiki a kantin magani ba ta daina zuwa gida ranar hutu ta karɓi kashinta a hannu ba.

Baba direban bas ne a kamfanin sabulu. Kullum da safe sai ya zaga unguwa huɗu ya kwaso ma'aikata talatin da biyu, da yamma ya mayar da su. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, ko kaza bai taɓa takewa ba, kuma ba sai ka tambaye shi zai gaya maka ba.

To, wata shida ke nan wasan Baba ya sauya. Mutumin da ba ya iya zama a gidansa, yanzu da an fara sai ya jera sojojinsa kafaɗa da kafaɗa, ya tura sarki lungu, ya tattara sauran kayansa a tsakiya ya zauna. Ba ya kai hari, ba ya ba da ƙofa. Sai ka gaji don kanka ku tashi kunnen doki. Abokansa na bakin gareji suka sa wa abin suna Katangar Direba, suna cewa girma ne ya zo da natsuwa. Mama ma ta ce alhamdulillahi, an fara hankali.

Auta ba ta yarda ba. Ta san ubanta, natsuwa ba ta cikin kayan da ya gada. Kuma a cikin wata shidan nan sau biyu madubin bas na gefen hagu yana karyewa, sau ɗaya a ƙofar kamfani, sau ɗaya a jikin wata motar kaya da ke tsaye. Na farko Baba ya ɗora wa maigadi, na biyu ya ɗora wa mai motar. A kantinsu tana ganin tsofaffin da ke zuwa sayen maganin hawan jinin ido, ta san ciwon daga gefe yake fara cin gani, ya bar wa mutum tsakiya tas har ya rantse lafiyarsa ƙalau. Da ta yi masa maganar asibiti, jarida ya ɗauka ya karanta mata ƙananan rubutun ƙasa ba tabarau.

“Likitar gidanmu, akwai saura?” in ji shi.

Tsoro take ji, tsoro na gaske, don mutum talatin da biyu ba wasa ba ne, ga shi kuma na talatin da ukun ubanta ne. Gardama ba ta cin Baba. Abu ɗaya ya yarda da hukuncinsa a duniya, shi ne allon nan.

Ranar hutu bayan la'asar suka zauna a falo, allon a kan ƙaramin teburin da ƙafarsa ɗaya ke tokare da kwali. Mama ta kawo shayi ta koma kan ɗinkinta a bakin taga. Auta ta ɗauki farare.

Baba ya gina katangarsa cikin wasa takwas, ko tunani bai tsaya yi ba. Sarkinsa ya shige lungun hagu, sojoji uku a gabansa.

“Bismillah, ga gida nan. In kin sami ƙofa ki shigo, ba sai kin yi sallama ba.”

Masu wasa sun san irin wannan katanga ba a dukanta ta gaba. Ta gefe ake bi, a tura sojan bakin layi ya je ya mutu don layin ya buɗe, manyan kaya su bi ta nan. Auta ta tura sojanta na can ƙarshen allo, wanda ke hagun Baba, ta ajiye shi da ƙarfi ya ce ƙwas. Baba ya juya kansa gaba ɗaya ya dube shi.

“Wannan ɗan marayan ina za shi?”

“Gaisuwa zai kawo maka, Baba.”

Sojan ya ƙara gaba, ya ci na Baba, Baba ya cinye shi yana dariya. Layin gefe ya buɗe tun daga gidan Auta har ƙofar sarkinsa. Daga nan ta koma tsakiya ta tayar da ƙura. Ta jefa doki cikin sojojinsa, ta janye, ta sake jefawa. Nan fa Baba ya ji daɗi, ya sunkuya, idonsa kafe a tsakiyar allo, yana toshe duk ramin da ta haƙa. A tsakiya babu abin da ke wuce shi, har sai da Auta ta fara fatan ita ce ta yi kuskure.

Da wasa ya dawo kanta, sai ta ɗaga sarauniya, a fili, ba ɓoye-ɓoye, ta kai ta layin gefe ta ajiye a hankali ba ƙara. Hannunta ya wuce ta hagun Baba, bai fi taƙi biyu da fuskarsa ba. Ta mayar da hannun cinyarta ta zauna.

Baba na kallon allo. Ya kurɓi shayi. Keken ɗinkin Mama ya yi ta tafiya, ya tsaya, ya ci gaba. Auta tana addu'a a zuciyarta ya yi tsaki ya ce wannan tsohuwar dabara ce, shi ya koya mata. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi.

“Auta, ke ake jira fa. Ko sai na aiko miki da takardar gayyata?”

Auta ta ɗago ta dube shi.

“Na yi wasa, Baba.”

“Kin yi me?”

“Na ja sarauniya. Tun ɗazu.”

Ya dubi inda sarauniyar take a da, babu ita. Sannan ya fara juya kansa zuwa hagu sannu a hankali, har sai da haɓarsa ta kusa kai kafaɗa, ya same ta tsaye a bakin layi, hasumiyar Auta, babban kayan lungun allo, na mara mata baya. Wasa biyu ya rage sarkinsa ya mutu. Ya daɗe yana kallonta.

“A gabana kika ja ta?”

“A gabanka.”

Bai ce ta yi maguɗi ba, ya san 'yar da ya haifa. Ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa da kansa.

“Ranar Laraba wata mata ce da yaro a hannu,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “A mahaɗar kasuwa. Ban gan ta ba sai da ma'aikacin da ke kusa da ni ya yi ihu. Na ce masa ita ce ta faɗo titi.”

Mama ta ce innalillahi, ta dafe ƙirji. Yau ce rana ta farko da Auta ta ci ubanta wasa, kuma da za a ba ta zaɓi da ta mayar masa da nasarar.

Baba ya share fuska da tafin hannu, ya gyara zama irin na mai shirin yin magana da manya.

“Bari in kira manaja tun da sauran rana, ya nemi wanda zai kwaso su gobe. Ƙarfe shida ake fara ɗauka, kada mutane su tsaya a titi.”

Ya shafa aljihun riga, ya shafa na wando, ya duba gabansa.

“Wa ya ɗauke mini waya kuma?”

Wayar na nan kan teburin, dab da gwiwar hannunsa na hagu. Auta ta miƙa hannu ta turo ta tsakiya, inda zai gani.